Wanda Zai Rako Ni Gida

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni ina nan lafiya, aiki da godiya.

Da likita ta ji kansar hanji ce ajalin Baba, ta ce a duba cikina da kamara. Na tsorata, sai ta ba ni 'yar kwalba, a fara gwada bayan gida. An ga ɗan jini, don haka kamarar ba makawa, ranar Talata. Wai ba lallai cutar ba ce.

Don Allah kai ma ka je gwajin, amma kada Inna ta ji.

A takardar asibitin an tambayi wanda zai rako ni gida bayan allurar barci. Na daɗe riƙe da biro, sannan na rubuta sunanka.

Ka sa ni a addu'a.

Ƙaninka