Ni Na Koya Wa Matata Ƙwayar da Ta Kama Jaririyarmu

Assalamu alaikum Anti mai kula da wannan shafi, da duk masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Na san idan kun gama karantawa za ku zage ni, kuma na cancanta, amma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don lokacin da ya rage mini kaɗan ne.

Ni mai walda ne, shagona yana Samaru, shekarata talatin da huɗu. Na fara shan tramol ne lokacin da muka samu aikin ƙofofi da tagogin ɗakunan ɗalibai a Bomo, wani abokin aiki ya ce in ina so in wuni ina ɗaga ƙarfe ban ji a jikina ba, ga magani. Shekara shida ke nan. Ba wanda ya sani a gidanmu. Ban taɓa tangaɗi a titi ba, jam'i ba ya wuce ni, Innata ma cewa take duk cikin 'ya'yanta ni ne mai hankali.

Matata zan kira ta Habiba, ba shi ne sunanta ba. 'Yar Bomo ce, babanta manomi, mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama. Wata bakwai da aurenmu ta zame a bakin rijiya a gidan da muke haya a Dogarawa, bayanta ya bugu. Maimakon in kai ta asibiti sai na ɓalla mata rabin ƙwaya na ce maganin ciwon jiki ne. Washegari ta tashi ta yi wanki har da sharar tsakar gida, tana ta sa mini albarka. Rabi ya koma ɗaya, ɗaya ya koma biyu. Ko kemis ɗin ba ta sani ba, ni nake sayowa a Sabon Gari, ni nake sa mata a tafin hannu.

Da ta samu ciki ta ce mini, “Yaya, ina tsoron abin nan ya taɓa abin da ke cikina. Ka taimake ni in bari.” Ta bari na kwana biyu. Amai, zufa, ciwon ƙafa, hawaye da majina, tana ta juyi a kan tabarma. Na dawo daga shago a gajiye na tarar ba a ɗora tukunya ba. Kun san abin da na yi? Na jefa mata ƙwayar a cinya na ce, “Haɗiye ki tashi ki ba ni abinci, na gaji da wannan nishin.” Da za ta fara zuwa awo ta ce za ta gaya wa nas. Na ce mata ranar da ta buɗe baki a kan wannan magana, a bakin aurenta. Wace ce za ta tsaya mata? Ta yi shiru har ta haihu.

Mace ta haifa. Tun da Habiba ba ta da uwa, Inna ta ɗauke ta zuwa gidanta a Sabon Gari don wankan jego. A nan ba ni da damar miƙa mata komai, ɗakin cike yake da mata daga safe har yamma. A kwana na biyu jaririyar ta fara wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba, siriri mai tsini, ba ya yankewa. Hannayenta suna karkarwa, jikinta ya sandare, ga atishawa ga hamma a jere, ta kama nono da haɗama ta saki ta ƙwalla ihu, abin da ta ɗan sha kuma ya fita ta gudawa. Ita ma Habiba tana kwance tana rawar sanyi, aka ce zazzaɓin jego ne. Inna ta ce mayu ne, aka kawo rubutu, aka jiƙa tazargade, aka turnuƙe ɗakin da hayaƙi. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo, na san wannan karkarwar, don irinta nawa hannun yake yi duk ranar da na makara ban sha ba. Na bar su suna ta hayaƙinsu. Wane irin uba ne wannan?

Maƙwabciyar Inna, Maman Ifeoma, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, ita ce ta shigo barka ta ɗaga zanin ta duba yarinyar. Ta ce, “Hajiya, wannan ba mayu ba ne. Ku kashe hayaƙin nan, ku tafi asibiti yanzu yanzu.”

A asibiti likitar, wata mace mai sanyin murya, ta duba yarinyar sannan ta ce ni da Inna mu ɗan ba su wuri za ta yi magana da mai jego. Ba mu kai ga ƙofa ba jaririyar ta fara fizge-fizge, idanunta suka juye. Habiba ba ta jira mun fita ba, ta ce, “Likita, tramol nake sha. Tun kafin cikin nake sha, kullum. Ki ceci 'yata.”

Inna ta juyo. “Tramol? Ke? Uban wa ya ba ki?”

Habiba ta ɗago ta dube ni. Kallona kawai ta yi. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai na tako na tofa mata yawu a fuska, na ce, “Ashe 'yar ƙwaya na ajiye a gidana ban sani ba? Kin cuce ni, kin cuci jinina.” A gaban likita, a gaban nas-nas, a gaban matan da ke jinyar 'ya'yansu. Habiba ta sa gefen mayafinta ta goge. Har yau ba ta ba Inna amsar tambayarta ba.

Da yarinyar ta lafa likitar ta zaunar da mu ta yi bayani. Ta ce jikin jaririyar ya saba da ƙwayar tun tana ciki, da aka yanke cibiya sai abin ya yanke mata gaba ɗaya, shi ne take wannan wahala. Ta ce da an faɗa tun a wajen awo da an kula da uwar an kuma shirya wa haihuwar. Za su kwantar da ita inda ba hayaniya ba haske mai yawa, a naɗe ta sosai a zani, a riƙa ba ta nono kaɗan-kaɗan akai-akai, nas tana dubawa tana rubuta yanayin kukanta da barcinta. Za kuma su riƙa ɗiga mata wani magani a baki, gwargwado, suna ragewa a hankali har jikinta ya saki. Sannan ta dube ni ta ce, “Malam, abin da zai fi saurin kwantar da ita shi ne ƙirjin uwarta. Ita ma uwar mara lafiya ce, za mu haɗa ta da masu duba irin wannan. Kada ku raba su.”

Na gani da idona. Duk lokacin da aka ɗora yarinyar a ƙirjin Habiba, fata da fata, karkarwar sai ta ragu, kukan ya koma shessheƙa, har ta yi barci. Amma Inna ta ce jikarta ba za ta ƙara shan nonon guba ba, ni kuma duk minti ɗaya da Habiba ta ƙara a wurin tsoro nake ji kada ta yi magana.

Rana ta uku a asibitin da la'asar Habiba ta tare ni a baranda, tana dafe da bango, leɓenta a bushe. Ta yi ƙasa da murya ta ce, “Yaya, sai gobe likitana zai gan ni. Hannuna rawa yake, ina tsoron in yar da ita. Ko rabi ne ka ba ni in iya riƙe ta yau.” Akwai guda biyu a aljihuna. Na ga ƙanwata tana tahowa da kwanon abinci, sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, “Ku ji mara kunya! 'Yarta na kwance rai a hannun Allah, ita ƙwaya take roƙo.” Mutane suka tsaya suna kallonta. Na bar ta a nan na zagaya bayan masallacin asibitin na haɗiye biyun.

A ranar na rubuta mata saki. Na kira babanta na faɗa masa abin da 'yarsa take sha. Tsohon ya zo da ƙurar gona a ƙafarsa, ya durƙusa a gaban Inna yana ba da haƙuri, yana cewa bai yi tarbiyya ba. Likitar ta roƙe shi ya bar ta ko na mako guda ne, ya ce ba zai iya haɗa ido da kowa a wurin ba. Ya ja hannunta suka fita, gaban rigarta jiƙe da nono. Bayan tafiyarta sai da aka ƙara wa yarinyar magani. Kwana goma sha tara ta yi a asibiti, nas ɗin da ke kula da ita ta ce mini da uwar tana nan da ba ta kai haka ba. Ba a yi taron suna ba, a masallaci aka raɗa mata sunan Inna, muna kiranta Ummi.

Yanzu Ummi watanta biyar, tana wurin Inna, ta yi ɓul-ɓul. Habiba kuwa, Maman Ifeoma ce ta bi ta har Bomo ta lallashi babanta, ta riƙa kai ta asibiti da kanta. Na ji ta bari gaba ɗaya. Ni ban bari ba, ko yau da safe na sha. Sau uku tana zuwa ganin 'yarta, Inna tana sa a rufe ƙofa, yaran layi suna bin ta suna kiranta 'yar ƙwaya.

Shi ne ta kai ƙara kotu tana neman a ba ta riƙon 'yarta. A zaman farko alƙali ya tambaye ta yadda aka yi ta fara sha, ta ce ita dai ta sha, kuma ta tuba, ga takardar asibiti. Ya tambaye ni ko na san tana sha, na ce ban sani ba. Ya ce ranar Talata mai zuwa in zo da alwala, zan dafa Alƙur'ani a kan haka. Inna har ta sa an wanke mini babbar riga.

Shekaranjiya Habiba ta zo shagona da rana tsaka, ta tsaya daga bakin titi har na kashe injin. Ta rame, amma hannunta ba ya rawa. Ta ce, “Ban gaya wa kowa ba, ko Baba. Kuma ba zan faɗa ba, don kada Ummi ta girma a ce uwa da uba duk 'yan ƙwaya ne. Kada ka rantse, Yaya, ba don ni ba. Ka ce wa Inna ta ba ni 'yata kawai.” Na ce ta bar mini bakin shago kafin mutane su taru. Ta tafi.

In na faɗi gaskiya, Inna tana da hawan jini, ban san abin da zai same ta ba, kuma ba ni da sauran fuska a Samaru. In na rantse, na dafa littafin Allah a kan ƙarya, na raba Ummi da uwarta har abada, na bar ta da uban da ba ya iya wuni ba ƙwaya. In na ce a mayar da yarinyar ba tare da dalili ba, Inna ba za ta saki ba sai ta ji dalilin. Kwana huɗu ya rage.

Don Allah jama'a, me zan yi?