Littafi na Bakwai a Cikin Kwalla

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sa kana cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta isa hannunka ba, babu motar da ke lodin inda ka tafi. Amma shekara ashirin da ɗaya ina ba ka labarin gida bayan la'asar, baki ya riga ya saba, shi ya sa na ɗauki biro.

Gida lafiya lau. Ɗiyarka Rabi ta sauka a Bakura, namiji, kuma sunanka aka sa masa. Ka ga an ɗaure ni, jikana guda amma ba ni da bakin kiran sunansa, sai dai in ce Malam Ƙarami. Ƙanenka Sani ya shuka alkama a gonarka ta bakin magudanar ruwa, ta yi kyau, ko da yake layinsa a karkace yake, da ka gani da ka yi faɗa. Akuyar nan ja har yanzu ba ta tuba da cin zana ba. Ni kuma saura kwana tara in fita takaba, makaranta ta aiko cewa ajina yana jirana.

To ga labarin da zai ba ka dariya. Na fara karanta littattafanka na jiragen ruwa. Ni ɗin nan, Saude, da na ce ko kyauta aka ba ni ba zan buɗe su ba.

Ka tuna ranar da ka shigo da su? Lokacin kana akawun sito a wurin aikin dam ɗin Bakolori, wani injiniya Bature zai koma ƙasarsu ya bar maka kwali guda. Na ɗauka sabulu ne ko gwangwanin madara, har na share wuri. Sai ga littattafai, bakwai na labarin wani kyaftin guda, da wani ƙato mai hotuna na tarihin yaƙe-yaƙen teku a zamanin da iska ce ke tura jirgi. Na ce mutumin Mafara, wanda ko kwalekwale bai taɓa shiga ba sai da addu'a a baki, me ya haɗa shi da teku? Murmushi kawai ka yi. Ka sa aka ɗinka musu gafaka irin ta littattafan fiƙihun mahaifinka, har ƙannenka suna yi maka tsiya.

Zaman takaba yana da tsawo, Malam. In masu gaisuwa sun watse, ba abin da ya rage sai ni da bango. Wata safiya na sauko da gafakar, don kawai in ji ƙanshin hannunka. Na fara da ƙaton nan mai hotuna, na ce ai babba shi ne farko. Ban yi shafi uku ba kaina ya ɗauki zafi, sunayen sarakuna da na jirage sun yi mini yawa. Da na juya bangon, sai ga rubutunka da fensir, da ajami, kana cewa kada mai farawa ya fara da wannan, ya fara da labari tukuna, in ya san mutanen sai ya dawo ya ga inda suka yi yaƙin. Wa kake yi wa wannan gargaɗin? Wa ka san zai zo bayanka ya buɗe?

Na bi umarni, abin da ban cika yi ba kana raye. Na ɗauki na ɗaya. Turancina na koyar da 'yan aji uku ne, na cikin littafin kuma na matuƙa ne, kowace igiya da sunanta. Amma ka yi masa sharhi a gefe kamar yadda malamai ke yi wa littafin karatu. Inda aka ambaci dogon itacen da ake ɗaura wa filafilai, manyan ƙyallayen nan da ke kama iska, ka rubuta cewa in tuna da giginya. Inda igiyoyi suka yi yawa ka ce a wuce kawai, kai ma ba ka gane ba kuma ba abin da ya same ka. Inda matuƙan ke ƙwanƙwasa busasshen burodinsu don ƙwari su fito, ka ce su zo su ga geron rumbun Sani. Na yi dariya ni kaɗai har maƙwabciya ta leƙo, ta ga mai takaba tana dariya da littafin Bature a cinya, ta koma gidanta.

Wani wurin kuma ba na dariya ba ne. Inda ake kama mutane a bakin teku a tura su aikin jirgi ba da son ransu ba, su bar mata da gonaki, ka ja layi biyu ƙarƙashinsa. A gefe ka rubuta sunan ƙauyenmu na wajen Maradun. Na daɗe ina kallon wannan shafin.

Yanzu na iso inda nake ta kewayewa. Littafi na bakwai, na ƙarshe, wanda ka yi shekara bakwai kana nema, ba ɓacewa ya yi ba. Ni na ɓoye shi.

Shekarar da ruwan dam ya hau ya shanye gonar Baba da kukar da aka binne cibiyata a gindinta, ka san yadda na koma. Baba ya tashi zuwa sabon matsuguni, ƙasa duk tsakuwa, bai ƙara yin wata damina mai daɗi ba har ya rasu. Na dawo daga zaman makokinsa na tarar da kai a kan tabarma kana karanta labarin ruwa, har kana gyaɗa kai. Ruwa ya cinye mana komai, mijina yana aiki wurin masu tare ruwan, ya dawo gida kuma ruwa yake karantawa. Zuciya ta ɗebe ni. Na zare na bakwai daga gafaka, na naɗe shi a tsohon zanen Inna, na sa a cikin kwallar da ke can ƙasan jerena, inda namiji ba ya sa hannu. Na ce kai ma ka ɗanɗana yadda ake raba mutum da abin da yake so.

Fushin bai yi wata biyu ba ya wuce. Kunya ce ta hana ni fito da shi. Ka tambayi yara, ka tambayi Sani, ka je har Damri wurin wani malamin makaranta da ka taɓa ara wa na biyu. Duk lokacin da ka ce oho ko kyaftin ɗin nan ya koma gida wurin iyalinsa, sai in tashi in shiga madafa. Ina ta cewa gobe zan faɗa maka. Ana cikin goben zazzaɓi ya kwantar da kai, kwana biyar Allah Ya karɓi abinsa. Tun ranar abin da ke cina ke nan, cewa ka tafi ba ka san ƙarshen labarin ba, kuma ban nemi gafararka ba.

Shi ya sa na ɗaura niyyar in karanta su duka, bi da bi, in kai ƙarshe a madadinka in rubuto maka yadda ta kaya. Ban yarda na taɓa kwallar ba sai da na gama na shida. Shekaranjiya da hantsi na sauke jeren, na kwance zanen Inna. Na shirya wa wahala, don na san wannan karon ba sharhinka, ni kaɗai ce da igiyoyin.

Na buɗe shafin farko, sai ga fensirinka.

Malam, kowane shafi. Tun daga farko har ƙarshe ka bi shi, ka yi masa sharhi kamar sauran. A bangon baya ka rubuta cewa ka karanta, ya yi daɗi, kyaftin ya isa gida lafiya. Ka ce ka mayar da littafin inda ka same shi, domin mai kwallar tana da gaskiyar yin fushi, kuma za ka jira har ranar da za ta miƙo maka da hannunta.

Sai a lokacin na tuna daminar da ɗakina ya yi yoyo ina Bakura wurin biki, ka kwashe mini jere don kada ya jiƙe, na dawo na yi ta mita ka jera kwanonin a birkice. Shekara biyar ke nan. Ashe duk tambayar nan da kake yi ko kyaftin ya koma gida, ƙofa kake buɗe mini in shigo? Ni kuwa ina gudu madafa. Wane irin mutum ne kai? Ka bar ni ina jin kunya, kai kana can kana danne dariya?

Na yi kuka har na gode Allah, na kuma yi dariya. Ban taɓa faɗa maka da baki ba, irin tarbiyyarmu ba ta bari, amma na so ka ƙwarai, kuma ina kewarka.

In na fita takaba zan sa Sani ya kai ni bakin dam in ga ruwan, wanda rabona da kallonsa tun rasuwar Baba. Gafakar kuma zan adana wa Malam Ƙarami, zan nuna masa da wanda ake farawa. Na bakwai na mayar da shi cikin 'yan'uwansa da hannuna. Ga shi nan, Malam, na miƙo. Ka yafe mini jinkirin.

Allah Ya jiƙanka, Ya sada mu a inda ba a rabuwa.

Taka har kullum,
Saude, mai kwalla