Takardun Malam Sambo

Assalamu alaikum Baba,

Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wa zan tuhuma in ba kai ba?

Surukarka Hauwa ta sauka ranar Talata, namiji. Jibi suna a gidanmu na Gyadi-Gyadi, kuma ka san alƙawarin da ka sa na ɗauka a gadon asibiti: ɗana na fari sunan Malam Sambo zai ci. Kakan kakanka, wanda ka ce tun kafin zuwan Turawa yake tsaya wa talakawa gaban alƙali, har aka zaunar da shi a majalisar fada ana shawara da shi kan dokokin gari. Da labarinsa ka raine ni. Kana masinjan kotu, kana cewa jinin shari'a ne a jikina, har na zama lauya.

To, na kai takardunsa da ke akwatinka wurin wani malami a Tarauni, masanin tsohon ajami, don ya karanto mini tarihin ranar suna. Ya ɗaga ɗaya a hasken rana, ya shinshina. Sai ya nuna mini layukan littafin makaranta da suka dusashe a ƙarƙashin rubutun, ya ce shayi aka jiƙa takardar da shi don ta yi kama da tsohuwa. Baba! Shayi?

Na dawo na ɗauko allonka na gwada. Yadda kake jan wutsiyar harafin lam, haka Malam Sambo yake ja. Na tambayi Inna, ta ce tuwonta zai kama, alhali ba ta ɗora tukunya ba. Gwaggo ta Hotoro kuwa dariya ta yi har da riƙe ciki.

Wallahi na ji haushinka, kwana biyu ko sunanka ban son ji. Amma ni ma ina da abin da ban faɗa maka ba. Sau biyu na so barin karatun lauya, kunyar Malam Sambo ce ta hana ni. Ashe kunyarka nake ji?

Ba zan karya alƙawari ba. Jibi za a raɗa wa yaron sunan mutumin da ya rubuta takardun nan. Idrisu. Abba za mu riƙa kiransa.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka shayin.

Ɗanka, lauyan farko a zuri'armu,
Nasiru