Shanun Lakar Habu

Bunkure, daren Talata, 1986

Shanun Habu sun yi tafiya, da idona na gani. Kwana arba'in ke nan da ruwan kanal na noman rani ya ci jikan nan nawa. Abin da ya bari shanu biyu ne na laka. Kawunsa Sale, mai aikin talabijin, ya tafi da su Kano. Wai akan gusa su kaɗan, a ɗauki hoto, a sake gusawa. Yau ya haska mana hotunan a bango. Har shatin yatsan yaron na gani a tozo.

Uwar Habu, da ta daina magana tun rasuwar, ta ce, "Baba, a maimaita."

Gobe za a sake haskawa. Kowa ya zo ya gani.