Inda Littafin Ya Tsaya

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar Inna? Ka gaida Baba da kyau. Ni lafiyata ƙalau, sabulun wanki ne kawai ya ɗan ci mini hannu.

Goggo ta ce wai ka karanta littafin ɗan ƙauyen nan da ake ba kowa a makaranta, har ka ɗaure kaya za ka taho birni, noma ya ishe ka. Kai Auta, kanka ɗaya kuwa? Ni ma na karanta shi. Yaron ya yi kiwo, ya yi soyayya, ya hau mota yana ɗaga hannu, sai marubucin ya ajiye alƙalami ya tafi harkarsa! Bai nuna maka ɗakin da in za ka juya sai ka tashi na kusa da kai ba, balle mai gidan wankin da har yau bai san sunana ba, tafi yake yi in zo.

Kada ka karanta wa Inna wannan wurin. Ka ce mata na yi ƙiba.

Kwance kayan nan ka kama wa Baba shuka. In ragowar labarin kake so, ka tambaye ni, a cikinsa nake kwana.

Allah ya shirya mini kai.

Yayanka