Filashina a Motar Baba

Baba, ina kwana.

Na fita kana barci, ban so in tashe ka ba. Jiya da yamma gidan rediyon nan suka kira ni! Sun ce in zo yau in yi magana a kan kundayen waƙoƙin Turawa da suka fi burge ni a bana. In na yi abin kirki, za su riƙa ba ni fili duk mako. Tun asuba na shirya, ko shayi ban tsaya sha ba.

Ka yi haƙuri, na buɗe tasinka na cire filashina. Ee, wanda na yi ta nema har na ɗora wa Auta laifi ya yi ta kuka. Kai da kullum kake cewa waƙoƙina hayaniya ce kawai! Ina kunnawa sai ga kundin nan mai sanyi na matar nan mai jita, ya ci rabi. Ashe shi kake rerawa ƙasa-ƙasa in kana wanke mota.

Da na masu kiɗan rawa na so in sa a gaba, amma yanzu naka ne na ɗaya.

Ka kunna rediyo ƙarfe goma, ko da fasinja a mota. Makulli na kan firji. Kuma ka ba Auta haƙuri, ni na riga na ba shi nawa.

Kada ka damu, ba zan tona maka asiri ba. Sai fa in sun tambaye ni.

'Yarka mai hayaniya