Kifayen Inna a Cikin Na'ura

Litinin, 4 ga Yuni, 1990
Malam Sahabi, mai kula da kwamfutar ofishinmu na binciken kifi a Yelwa, ya ce suna neman wanda ya san sunayen kifi da Gunganci da wurin kwanan kowanne. Bakina ya riga ni: "Innata." Tun ina ƙarama ban yi yaren ba, na ji kunya da na faɗa.

Alhamis, 7 ga Yuni
Inna ta zo ofis da zanenta na biki. Ta ƙi kujera, ta zauna a tabarma. Tana faɗa ina bugawa: giwan ruwa, ramboshi, kurungu, kowanne da layinsa, da sunansa na tsibirinsu da ruwan Kainji ya cinye. Shirin da Malam ya rubuta yana tara layukan cikin bariyabul ɗaya, wato ma'ajin wucin gadi na shel, shirin da ke karɓar umarni, ya sa masa suna KIFI. Ban rubuta komai a takarda ba. Layi ɗari uku da goma sha biyu zuwa la'asar.

Wuta ta ɗauke tun azahar, janareta muke kai. Malam ya tafi garin Shanga. Na buga umarnin echo $KIFI > kifi don in zuba a fayil. Da na buɗe, duk layukan sun haɗe kamar dambu, ba a gane inda kifi ya ƙare wani ya soma. Na sa wa $KIFI alamar zance a gefe biyu, na'ura ta ce abin ya yi mata tsawo. Maigadi Cindo ya leƙo ya ce man janareta bai fi na rabin awa ba. In ya mutu, KIFI ya tafi. Gobe kuma Inna za ta koma Ngaski, ga wani tari da ya ƙi barinta.

Na fara kuka. Inna ta ce, "Hansatu, mi ya hwaru? Akwatin ya haɗiye su?" Na ce kusan haka. Ta ce, "To ki daina ɗura mishi gaba ɗai, ko jinjiri da kaɗan-kaɗan aka ba shi."

Sai ga ƙarar babur ɗin Malam. Ko hula bai cire ba, na nuna masa abin da ya faru. Ya ce kada in miƙa wa echo kayan, in bar shel ta shimfiɗa su da kanta. Ya faɗa ina bugawa: cat > kifi <<KARSHE, layi na biyu $KIFI, na uku KARSHE. Muka ƙirga: ɗari uku da sha biyu, kowanne a layinsa. Ba a yi minti biyar ba janareta ya yi shiru.

Juma'a, 8 ga Yuni
Na raka Inna bakin kwata. Ta ce Malam Sahabi mutumin kirki ne amma ya rame.

Laraba, 13 ga Yuni
Ina gyaran fayil. Suna goma sha bakwai ban tabbatar da rubutunsu ba. Malam ya ce a aika wa Inna takarda ta hannun ɗan jirgi. Na ce a'a, sai an ji da kunne.

Asabar, 16 ga Yuni
Ngaski. Aiki ne ya kawo ni, haka na gaya wa kowa. Sunayen mun gama su kafin hantsi. Na ce zan kwana biyu saboda ruwa ya yi iska. Bai yi wani iska ba. Ɗazu Inna ta tambaye ni gishiri da Gunganci, sai da na miƙa mata na lura ni ma da Gunganci na amsa. Ta ci gaba da juya miya.